Sufeto Lema a Kwandon Fikriyya

Litinin, 8 ga Janairu, da hantsi

Kwandon Fikriyya ya sauko yau. Na gan shi ya wuce ta gaban barandata yana lilo a igiyarsa, ya sauka ƙasa wajen Baba Shahata mai shago. Gurasa ɗaya aka saka a ciki. Ɗaya tak, ga matar da take cinye uku tana ba ki labari. Na leƙa sama na ce, "Fikriyya, kin tashi lafiya?" Hannunta kawai na gani yana jan igiya, sai ƙarar rufe taga.

Shekara arba'in tana hawa na huɗu ina na uku, ƙasan ɗakinta ne rufin nawa. Tun abin nan da ya faru da ɗanta ba ta sauko ba, ba ta buɗe wa kowa ƙofa ba, har ni. Duk layinmu Ummu Ramzi ake ce mata. Yanzu bakina ya kasa faɗin sunan, na koma kiranta da wanda ubanta ya raɗa mata. Rigunan yaron nan uku suna nan a igiyar shanyarta. Ba zan yi maganarsu ba.

Maigidana Usta Gabir, wanda tun da ya daina tuƙin taram, jirgin ƙasan cikin gari, ya zama mai ba ni shawara a kan komai, ya dawo daga wajen masu sayar da littattafai na titin Annabi Daniyal da wani tsohon littafi. Labarin 'yan sandan Ingila ne da aka fassara. Ya ce, "Hajiya, karanta wannan, ki bar wa silin ɗin nan lafiya. Kin kusa huda shi da ido."

Talata, bayan azahar

Ikon Allah! Wace irin ƙasa ce wannan? Wani tsoho mai gyaran agogo ya mutu a ɗakinsa, ya yi makonni a kwance, babu wanda ya sani. Kwalaben madara sun taru a ƙofarsa, maƙwabta suna tsallake su suna wucewa wajen aiki. Da a nan ne, kwalba ta biyu ba za ta kai azahar ba sai an tara jama'a, an kira mai gyaran ƙofa, wata ta fara kuka tun kafin a san ko da rai.

Babban ɗan sandan da aka ba binciken sunansa ya fi ƙarfin harshena. Kullum yana cikin ruwan sama, kullum ya manta lemarsa a mota, don haka na sa masa Sufeto Lema. Mataimakiyarsa wata yarinya ce saja, mai kaifin baki, ta burge ni.

Na yi dariya sosai, sai kuma na tuna da Fikriyya. Na ajiye littafin na kasa kunne. Da na ji jan silifas ɗinta daga ɗaki zuwa banɗaki sannan na ci gaba.

Laraba, da safe

Na yi wani abu. Littafin tsoho ne, ɗinkinsa ya saki, na sa wuƙar kicin na yanke babi na ɗaya. Usta Gabir ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Littafin nawa kike fiɗa kamar kifi?" Na ce ya miƙo mini lemarsa mai lanƙwasasshen hannu ya daina surutu.

Akwai wani faranti mai shuɗin baki da ya daɗe yana hawa da sauka tsakanina da Fikriyya, har mun manta na wace ce. Na jera masa kabeji naɗe da shinkafa, mai zafi, na rufe da ƙyalle, na sa babin a leda. Da kwandon ya zo wucewa sama da gurasarsa ɗaya, na maƙalo igiyar da hannun lema, na saka kayana, na sake.

Kwandon ya tsaya cak. Ta ji nauyi ya ƙaru. Na laɓe bayan labule kamar na yi sata. Can sai ya ci gaba da hawa.

Ko ba ta so, ta shiga tarkona. Fikriyya 'yar gidan mutunci ce, uwarta ta koya mata abin da tawa ta koya mini: farantin maƙwabciya ba ya komawa wayam. Sai ta sa wani abu a kai. Kafin ta sa kuwa sai ta tashi ta nema.

Alhamis, da hantsi

Kwando ya wuce, babu faranti.

Juma'a, bayan la'asar

Ya dawo! Kwandon ya tsaya daidai barandata, aka girgiza igiya sau biyu. Faranti a wanke tas, a tsakiyarsa lemun tsami guda ɗaya, ya ma fara yanƙwanewa.

Na shiga da shi ɗaki ina rawa. Usta Gabir ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kabejin da kika wuni kina naɗewa, an biya ki da busasshen lemo, kina murna? Da a kasuwa kike da tuni mun koma bara." Na ce masa shi ya san taram, ni na san Fikriyya. Na matse lemon a shayinsa, ya sha yana yamutsa fuska.

Babi na biyu ya hau da waken ful da man zaitun.

Lahadi, 14 ga Janairu, da yamma

Ina karanta babi ɗaya gaba da ita, don in san abin da nake aika mata.

'Yan sandan nan suna ba ni mamaki. Sai su ƙwanƙwasa ƙofa, su ce a yi haƙuri, su goge ƙafa, sannan su tambayi mutum ina yake ranar Talata da yamma. Shi kuma ya ce yana gida shi kaɗai, babu wanda ya gan shi. Babu wanda ya gan shi! A layinmu ka tambayi Baba Shahata inda wani yake ranar Talata, zai faɗa maka har abin da ya ci da wadda ya yi faɗa da ita. Da littafin bai wuce shafi goma ba.

Kuma komai sai sun sa a leda. Gashi ɗaya, leda. Guntun taba, leda. Gawar bawan Allah kuwa tana firji har yanzu, ba wanka, ba sutura, ba rumfar makoki. Ɗansa ya zo daga wani gari, aka ce masa sai an gama bincike, ya ce babu damuwa. Babu damuwa fa! Ni dai na gama shari'a, shi ya kashe uban.

Amma gaskiya ina son Sufeto Lema. Matarsa ta gudu, yana cin kifi da dankali a takarda cikin mota shi kaɗai, babu mai ce masa sannu. Duk da haka tsohon da duniya ta manta da shi, shi ya ƙi mantawa. Yana bin ƙofa ƙofa ana rufe masa, gobe ya sake dawowa. Da yana nan da na aika masa faranti shi ma.

Yau zaitun bakwai aka maido mini.

Talata, da safe

Dafaffen ƙwai biyu. Dafaffe! Ke nan ta kunna wuta.

Na aika babi na huɗu da miyar lalo. A babin ne aka gabatar da mutum ɗaya tilo mai zuciya a garin nan, wata maƙwabciyar tsohon, dattijuwa, wadda take kai masa miya duk Talata. Ta tafi ganin ƙanwarta ne abin ya faru. Da Sufeto ya je gidanta kuka ta yi, ta ba shi shayi da madara, har ta buɗe kabad ta nuna masa kwanon da take kai miyar a ciki. Na share hawaye. Na ce wa Usta Gabir, "Ka ga irina a Ingila." Ya ce Allah ya ji ƙan Ingila.

Alhamis, bayan azahar

Hadari ya taso daga teku tun jiya, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mun zama 'yan garin Sufeto Lema. Na rufe tagar da ke kallon can. Ba na son jin ƙarar ruwan nan kwanakin nan, kuma na san tagarta ta fi tawa jin sa.

Rigunan sun jiƙe sharkaf. Ba ta kwashe ba.

Baba Shahata ya ce mini uwar ɗaya daga cikin yaran da suka shiga jirgin ƙetare teku tare da ɗan Fikriyya ta samu kira. Ɗaya kawai. Na ce ya riƙe bakinsa, kada ya ɗaga kai ya faɗa wa baranda. Ya ce, "Haba Ummu Sausan, ni yaro ne?" Na ce ya fi yaro, shi rediyo ne.

Juma'a, da hantsi

Babi na bakwai ba zai hau ba. A cikinsa an ciro wani saurayi daga kogi, an kira wata uwa da ɗanta ya ɓata ta zo ta duba fuska. Ba shi da alaƙa da mai agogo sosai, wata hanya ce da Sufeto ya bi ta ɓulle ba inda yake nema ba. Na ninke shi na tura ƙarƙashin katifa. Na aika na takwas da soyayyen kifi.

Asabar, 20 ga Janairu, da safe

Ta yi magana.

Ina shanya tawul sai na ji daga sama, da muryar nan tata mai tsaga kunne wadda na yi kewa: "Ke Kausar! Ina na bakwai?"

Na ce, "Wane bakwai, 'yar uwa?"

"Kada ki raina mini hankali. Mutumin yana ofis a ƙarshen na shida, sai ga shi a na takwas takalmansa cike da laka yana cewa ba zai manta fuskar matar nan ba. Wace mata? Wace laka?"

Na ce ai littafin tsoho ne, wataƙila ɓera ya ci. Ta ce, "Ɓeran yana saka ɗan kunnen zinare, yana da miji direban taram. Ni ba jaririya ba ce da za ki tauna mini abinci. Aiko shi."

Rabin layi sun fito baranda suna kallo. Baba Shahata ya ɗaga hannu sama yana cewa Allahu akbar, ta ce masa ya yi shiru, gurasarsa ta jiya kamar tafin takalmi. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Na aika mata.

Lahadi

Kwando bai sauko ba.

Litinin, da yamma

Bai sauko ba. Na ji silifas sau ɗaya da asuba, shi ke nan. Allah ka sa ba ni na jawo ba.

Talata, bayan azahar

Na hau. Gwiwata tana kuka, ni ma ina kusa. Na zauna a matakalar ƙarshe na jingina da ƙofarta. Ban ƙwanƙwasa ba. Na buɗe babi na tara na fara karantawa da ƙarfi, ina yi wa Sufeto muryar Usta Gabir idan mura ta kama shi, ina yi wa saja muryar 'yata Sausan idan tana faɗa da mai taksi.

Na kai tsakiya na ji wani abu ya jingina da ƙofar ta ciki. Da na zo inda Sufeto ya sake manta lemarsa, sai na ji ta ja hanci, ban sani ba ko kuka ne ko dariya. Na gama na tura takardun ta ƙarƙashin ƙofa.

Ina shirin tashi ta ce, a hankali, "Matar nan ta babi na bakwai. Ba ɗanta ba ne aka nuna mata."

Na ce, "Ba shi ba ne."

Ta ce, "Ta koma gida ta ci gaba da jira."

Na ce, "Haka ne."

Na sauko ina dafa bango.

Alhamis, 25 ga Janairu, da hantsi

Ƙamshi ya tashe ni daga gyangyaɗi. Man shanu da sukari yana saukowa ta tagar kicin. Baba Shahata ya ƙwala mini kira daga ƙasa yana nuna kwando da yatsa: garin basbusa, sukari, man shanu, kwakwa, gurasa uku. Uku!

Da la'asar farantin ya sauko da basbusa yanka huɗu, da zafinta. Usta Gabir ya cinye uku a tsaye, ya ce shi dama tun farko ya san dabarar lemar nan za ta yi aiki, ai lemarsa ce. Na bar shi. Na ci ɗayan ina hawaye kamar sakarya, ta yi yawan sukari kamar kullum.

Asabar, da yamma

Yanzu muna muhawara ta baranda kamar da. Ni ina kan bakata, ɗan ne. An gano yana bin gidan da kallo, kuma mutumin da zai bar ubansa a firji babu abin da ba zai iya ba. Fikriyya ta ce, "Ke dai kin iya naɗe kabeji, bincike ba naki ba ne." Na ce to wa take zargi? Ta ce ba ta magana da 'yan koyo.

Amma har yanzu daga sama take magana. Ƙofa a rufe, ƙafarta ba ta taka matakala ba. Na ce ta sauko mu sha shayi, sai ta ce tana jin sanyi, ta ja taga. Littafin kuma yana ƙarewa. Saura babi biyu a hannuna. Idan Sufeto ya kama mutuminsa, ni da me zan kamo tawa?

Litinin, bayan azahar

Na aika na kusa da ƙarshe. Sufeto ya tsaya a tsakiyar titi cikin ruwa, ya buga goshinsa, ya ce wa saja ta juya mota. Nan babin ya ƙare. Marubucin nan mugu ne, Allah ya yi masa albarka.

Na ƙarshen ban karanta ba, na rantse. Na saka shi a gwangwanin shinkafa na rufe. Usta Gabir ya yi ta zagaya kicin kamar mage, na ce idan ya taɓa zai ci abincin gidan ƙanwarsa har azumi.

Talata, da safe

Farantin ya sauko da soyayyen baƙin gauta da tafarnuwa. Igiya ta girgiza, ta sake girgiza. Na kwashe, na wanke, na goge, na tsaya ina kallonsa.

Na mayar da shi kwandon wayam. Ba abinci, ba babi, ko ƙwayar zaitun babu.

Allah ya jiƙan uwata, da tana raye da ta mare ni. Usta Gabir ya ce, "Hajiya, kin haukace?" Na ce ya sa rigar kirki ya ɗora ruwan shayi.

Talata, bayan la'asar

Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Kwandon ya hau. Shiru. Sai na ji kujera ta faɗi a sama. Sai silifas, da sauri, ba jan ƙafar kwanakin nan ba. Sai ƙarar sakata. Wayyo Allah, ƙarar sakatar nan! Sai matakala, ɗaya bayan ɗaya, tana zagina tun daga ta farko.

Ta buga ƙofata da gefen farantin. Na buɗe. Ta rame, gashinta ya yi fari ta gaba, ɗankwalinta a karkace, idonta yana wuta.

"Wa ya raine ki? Shekara arba'in! Ko lokacin da muka yi faɗa a kan bututun ruwa ban maido miki da shi haka ba. Ni za ki aika wa faranti wayam a gaban Shahata?"

Na ce, "Sannu da zuwa. Shigo, shayi ya tafasa."

Ta tsaya da baki buɗe. Ta dubi matakalar da ta sauko, ta dube ni. Ta ce, "'Yar banza. Tarko ne." Ta ɗora mini farantin a hannu, a kansa sauran basbusa ce, don ko a cikin fushi ba ta iya sauko da shi haka ba.

Usta Gabir ya ba ta kujerarsa, wadda ko ni ba ya ba. Na ciro babin daga cikin shinkafa. Kafin in buɗe ta ɗaga yatsa ta ce, "Mai miya ce."

Na ce, "A'uzubillahi! Baiwar Allah nan? Ita kaɗai ce mutum a garin!"

"Kwanon fa? Mutumin ya mutu ranar da ta kai masa miya. Me kwanonta yake yi a kabad ɗinta a wanke? Wace maƙwabciya ce take shiga kicin ɗin mutum ta ɗauko kwanonta da kanta tun bai maido ba? Sai wadda ta san ba zai maido ba."

Na karanta da ƙarfi. Ita ce. Guba a cikin miya, saboda wani tsohon agogon zinare da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa. Sufeto Lema ya ɓata babi goma sha wani abu da ledoji da firji kafin ya tuna kwanon. Usta Gabir ya yi dariya har ya shaƙe, yana nuna ni yana cewa, "Irinta a Ingila! Irinta a Ingila!"

Fikriyya ta kurɓi shayi ta ce, "Shi ya sa miyar lalon da kika aiko da babi na huɗu sai da na fara ba magen bene, na jira na ga ta kwana."

Mun yi dariya har cikina ya ƙulle, har ta kama hannuna don kada ta zame daga kujera. Ba ta sake shi ba bayan dariyar ta wuce. Na ce, "Fikriyya, ƙara shayi."

Ta ce, "Ki daina ce mini Fikriyya. Ubana ne yake kirana haka, kuma ya daɗe a kabari. Ina da suna."

Usta Gabir ya tashi ya shiga kicin, ya kunna famfo ba abin da yake wankewa.

Na ce, "Ummu Ramzi."

Ta ce, "Na'am."

Gobe da safe zan hau wajenta. Ta ce ruwan sama ya ɓata rigunan, ba ta so Ramzi ya dawo ya tarar da su haka, za mu sake wanke su. Na ce ni zan zo da sabulu.